Tazarar da Na Bari a Sunan Garinmu

Kun tashi kuna jin magana iri biyu a kan shekarar irin shuka. In kun je Gidan Ƙosau, sai a ce muku ubanku ne ya sa hannunsa ya cire garin da aka yanke masa cibiya daga cikin garuruwan da za a ba iri, don ya gyara zamansa da manyan buro, wato ofishin da nake aiki. In kun dawo nan gida, mahaifiyarku ta ce muku ubanku mai gaskiya ne, 'yan uwansa ne ba su san darajarsa ba. Kowannensu ya kama wani gefe ya saki wani. Ni kaɗai ne a ɗakin sa'ad da aka yi ɓarnar, kuma da yatsana aka yi ta. Saboda haka yanzu da gwiwa ta zaunar da ni, ido kuma bai gama tafiya ba, bari in rubuta muku ita yadda take, kada in mutu ku gaji gabar da ba ku san mafarinta ba.

Sai kun fara sanin halina na wancan lokaci. Na yi shekaru ina koya wa manya karatun Hausa a ƙauyukan Gangara, ƙarƙashin rumfunan zana, kuma aikin ya bar mini wata cuta: ba na iya ganin kuskure a rubutu in wuce. In na ga an rubuta ƙ ba lanƙwasa, ko an haɗe kalmomi biyu da ya kamata a raba, sai in ji kamar tsakuwa a takalmi. Na taɓa tsayar da mai amalanke don in gaya masa rubutun da ke bayan amalankensa ba daidai ba ne, ya dube ni ya dubi jakinsa, ya ce shi da jakin duk ba su iya karatu ba. Mahaifiyarku takan ce ko takardar da aka ƙunso mini ƙosai sai na gyara ta kafin in ci. Wannan hali shi ya sa haɗakar ƙungiyoyin manoma ta ɗauke ni magatakarda a buronta na Gazawa, shi ne kuma ya kusa raba ni da ɗan uwana har abada.

A buron akwai wata mata, Madam Zali, 'yar Maradi, gajera mai saurin magana, wadda ta yi karatun aikin gona. Ita ta kawo mana wata tsohuwar na'ura da wani ya gaji da ita ya ba da. Na'urar ba ta da ƙarfin ɗaukar abubuwa masu hotuna irin naku na yanzu. In ka kunna ta baƙin allo kawai za ka gani, da ɗan farin ɗigo yana ƙyaftawa yana jiran ka rubuta mata umarni. Ni da na haura hamsin, na ce wannan ba nawa ba ne, a bar ni da biro da littafi.

"Mushe Sani, gemu ba ya hana ilimi," in ji ta, da Mushen nan na Faransanci da ake kiran malaman boko da shi. "Kai da ka koya wa tsofaffi baƙi da wasali, yau ga naka allon. Zauna."

Na zauna. Abin da ta fara nuna mini shi ne takardar garuruwa da ke cikin na'urar. Garuruwan haɗakarmu sun kai sittin da wani abu, kowanne da layinsa. Ta ce in ɗauki kowane layi a matsayin gida mai ɗaki uku. Ɗaki na farko sunan gari, na biyu yawan magidanta, na uku ruwan saman da ma'aunin garin ya tara a daminar da ta wuce, don kowane gari mun kafa masa ma'auni da mai rubutawa. Tsakanin ɗaki da ɗaki ba bango sai tazara, wato ɗan filin nan da ake bari tsakanin kalma da kalma. Daga nan ta rubuta umarnin da har yau in na rufe ido ina ganinsa:

sort -n -k 3 garuruwa.txt

Kalmar farko ta Ingilishi ce, ma'anarta a jera. Harafin n yana gaya wa na'ura ta karanta lamba a matsayin lamba, don in ba a faɗa mata ba, baƙi-baƙi take bi, sai ta sa dubu a gaban casa'in saboda ɗaya ya riga tara. Harafin k da uku kuma suna cewa da ɗaki na uku za a yi jerin. Ta danna, kafin in ƙifta ido garuruwan nan duka sun sake layi, mai ƙarancin ruwa a sama, mai yawa a ƙasa. Aikin da nakan kwana biyu ina yi da ƙananan takardu a kan tabarma. Na yi dariya kamar yaro, ban ɓoye ba.

"Amma ka riƙe wannan," in ji ta. "Ita ba ta san gari ba, ba ta san ruwa ba. Tazara kaɗai ta sani. Duk inda ta ga tazara, ta shiga wani ɗaki."

Na gyaɗa kai. Gaskiya da kunne ɗaya na ji ta, don idona ya riga ya faɗa kan wani abu. Wanda ya fara shigar da sunayen da rubutun Faransanci ya yi su, kuma duk suna mai kalma biyu ya ɗaure shi da karan ɗori. Garinmu ga yadda aka rubuta shi: Guidan-Kossaou. Ku kun san wane ne Ƙosau. Kakan mahaifinmu ne, wanda ya taso daga ƙasar Katsina da jaki ɗaya da gatari, ya sare dajin da muke nomawa. An haife shi da kaka, rumbuna cike, shi ya sa aka sa masa wannan suna. Kullum na buɗe takardar sai in ga an murɗe masa suna, ba lanƙwasa, ga wata sanda an gitta a tsakiya. Na daure wata guda. Ran nan Madam Zali ta tafi Yamai wani kwas na mako uku, ta bar ni da na'ura. Da ma na sa ta nuna mini yadda ake buga baƙaƙe masu lanƙwasa. Da hantsi, ba kowa, na buɗe takardar na goge, na rubuta Gidan Ƙosau, kalma biyu, kowace tana cin gashin kanta, yadda na koya wa ɗaruruwan mutane. Na ce sauran garuruwan sai na sami sarari. Na jingina da kujera ina jin daɗi kamar na share kabarin kakana.

Daminar da ta wuce ba ta yi kyau ba, a wurare da yawa mutane sun cinye har irin shukarsu. Ana cikin bazara sai haɗaka ta sami irin hatsi mai saurin nuna, amma na gari ashirin kawai. Shugabannin suka zauna suka yanke cewa garuruwa ashirin da suka fi ƙarancin ruwa su za a ba, don kada a ce an yi son kai. Shugabanmu, wani dattijo da muke kira Alhaji, ya ce in fitar masa da jerin. Na rubuta umarnin, na danna. Sunan da ya fito a layin farko, a saman kowa, Gidan Ƙosau ne.

A nan ne nake so ku tsaya ku ji, don nan ne laifina na gaske ya fara. Na je gida da kaka, na ga rumbunan garinmu da idona. Ba su cika ba, amma na san garuruwan da ko kara bai tashi ba. Ya kamata in ce kai, ta yaya? Ban ce ba. Zuciyata ta yi fari, na ce ashe mutanenmu sun sha wuya fiye da yadda suka nuna, ga shi Allah ya kawo musu sauƙi ta hannuna ba tare da na roƙi kowa ba. So hana ganin laifi. Sunaye kawai na bi da ido na kwafe ashirin na sama a takarda, ban kalli lambobin da ke gabansu ba, na kai wa Alhaji. Ya ce a riƙe maganar tukuna sai ranar taro.

Ban riƙe ba. Ranar kasuwar Gangara na hau moto na je, na tarar da yayana Lawali a rumfar masu igiya. Ku da Baba Lawali kuka san shi, tsoho mai sanda. A lokacin ƙaƙƙarfa ne, shi ne shugaban ƙungiyar manoman garinmu, kuma shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Shi ya yi noma ni na je lakol, makarantar boko. Tun ina yaro nake neman ranar da zan kawo masa wani abu da hannuna. Na ja shi gefe.

"Yaya, iri na zuwa. Garinmu na ciki, shi ne ma na farko."

"Ka tabbata, Sani? Kada in faɗi ma mutane abin da ba shi nan."

"Da idona na gani. Na'ura ce ta fitar, ba ta ƙarya."

Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Bai iya yabo ba, abin da ya ce kawai shi ne, "To, lakol ɗin ta yi rana." Na koma Gazawa ina jin iska na ɗaukata.

Abin da ban sani ba shi ne abin da ya yi da maganata. Yaya Lawali mutum ne da ko yunwa za ta kashe shi ba ya taɓa damman iri. Shekarar nan yana da dami shida a ƙuryar rumbu, zaɓaɓɓun zangarnu. A garin kuwa akwai gidajen da tukunya ta fara kwana ba wuta. Da ya ji iri na tafe, mai kyau ma fiye da nasa, sai ya ce zunubi ne a ajiye hatsi yara na kuka. Ya sauke damman aka sussuke, ya raba wa gidaje, ya bar kaɗan a nasa. Wasu magidanta da suka ga shugaba ya yi haka, su ma suka buɗe nasu.

Bayan kwana goma, da azahar, wani dattijon Bafulatani ya yi sallama a buro. Arɗo Buba ne, shugaban wata ruga da ke arewa da garinmu, masu shanu ne amma suna noma, suna kuma cikin haɗaka. Magana ta riga ta fita, ya ji ba su cikin ashirin. Ya ajiye sandarsa a bakin ƙofa, ya ƙi kujera ya zauna a tabarma, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Ba faɗa ya zo yi ba.

"Malam, tambaya ɗaya na kawo. An ce da ruwa aka auna."

"Da ruwa ne, Arɗo."

"To. Bara tabkinmu tun kafin kaka ya bushe. Shanunmu a tabkin Gidan Ƙosau suka sha har sanyi ya shiga, mutanenku ba su hana mu ba, Allah ya biya su. Shi ne na ce, ko ruwan da ke cikin na'ura daban yake da wanda ya sauka ƙasa?"

Na ce masa zan duba. Ya yi godiya ya tafi. Na kunna na'urar, na sake rubuta umarnin, wannan karon na sa yatsa a kan layin farko na bi shi a hankali kamar mai koyon karatu. Gidan, ɗaki na ɗaya. Ƙosau, ɗaki na biyu. Sittin da huɗu, ɗaki na uku. Sittin da huɗu yawan magidantan garinmu ne. Ruwanmu, ɗari uku da wani abu, na ture shi zuwa ɗaki na huɗu inda ba wanda ya tambaye shi. Na'urar ta yi abin da aka ce mata, ta ɗauki magidanta a matsayin ruwa, ta ga ba garin da ya kai mu fari. Sai a lokacin na gane amfanin sandar da na tsana. Na mayar da karan ɗorin, na sake dannawa. Gidan Ƙosau ya gangara can ƙasa, ya wuce na talatin. Kowa ya matsa sama da layi ɗaya, kuma wanda ya shigo na ashirin rugar Arɗo Buba ce. Garin neman gira na rasa ido.

Ba zan yi muku ƙarya ba, na daɗe zaune ina lissafin yadda zan yi shiru. Madam Zali ba ta nan. Alhaji bai san ɗaki na uku daga na huɗu ba. Arɗo kuwa in na ce masa na duba haka yake, zai ce Allah ya sa haka ya fi alheri, ya ɗauki sandarsa. Na kashe na'urar na taho gida da la'asar, na tarar da mahaifiyarku tana tankaɗe a tsakar gida. Ta dubi fuskata ta ajiye rariya. Na gaya mata duka, har da shirun da nake tunani.

"Malam, su Fulanin ba su da ɗiya ne?"

"Suna da su."

"To mi kake tambayata? Kai da ba ka iya wuce kuskure a bayan amalanke, wannan za ka iya kwana da shi?"

Ta ɗauki rariyarta ta ci gaba. Can ta ƙara da cewa, ba ta ɗago ba, "Amma Yaya da ƙafarka za ka je mashi. Kada ya ji a bakin wani."

Washegari na fara da Alhaji. Ya saurare ni, ya cire hula ya shafa kai, ya ce in kawo jerin gaskiya, kuma a taro ni zan tashi in yi bayani da bakina. Daga nan na hau moto na nufi gida. Na tarar da Yaya yana gyaran dangar bayan gida. Ya ga ni ya saki fuska, ya ce a kawo mini ruwa. Ban sha ba. Na durƙusa na faɗa masa. Na yi ta bayanin ɗakuna da tazara da karan ɗori, ina jin yadda maganar ke fita bakina ba ta da nauyin komai. Ya bar ni har na gama. Sai ya kama hannuna, wannan hannun da ya riƙe a kasuwa, ya kai ni bakin rumbu ya ɗaga murfin.

"Leƙa."

Na leƙa. Ƙuryar da damman iri suke ba komai sai ƙaiƙayi.

"Na tambaye ka ko ka tabbata," in ji shi. "Sau ɗaya na tambaye ka, don ban taɓa jin ƙarya bakinka ba. Yanzu mi zan ce ma mutanen ga? In ce masu ƙanena ya gyara sunan kakanmu?"

"Yaya, ni zan faɗa masu."

"Kai za ka hau motonka ka koma Gazawa. Ni ke kwana nan."

Bai ɗaga murya ba, bai zage ni ba. Ya mayar da murfin ya koma wajen dangarsa. Na tsaya a dandali bayan sallar azahar na yi wa mutane bayani, wasu suka tashi tun ban gama ba. Wa zai yarda cewa ɗan fili tsakanin kalma biyu ya hana gari iri? Ya fi sauƙi a ce an sayar da su, haka kuwa aka ce. Ban ga laifinsu ba, ko ni aka kawo wa wannan labari sai na yi tunani biyu.

Na kwashe irin da na ajiye don 'yar gonata ta Gazawa, mahaifiyarku ta haɗa da waken da take ɓoyo, na bi abokai na roƙa, muka cika amalanke muka aika. Bai kai rabin abin da aka rasa ba. Yaya ya karɓa ya raba wa gidajen da suka bi shi suka buɗe irinsu, har ƙwayar ƙarshe, shi bai ɗauki ko tiya ɗaya ba. Hatsin kasuwa ya shuka, wanda ba a san asalinsa ba, ya yi kara ya yi ganye, ruwa ya ɗauke bai gama fitar da kai ba. Da kaka babban ɗansa Habu ya tafi kudu ci-rani. Kun san har yau can yake, sai da salla ake ganinsa. Gonar Ƙosau ta rasa mai gadonta a wannan shekara, kuma duk wanda ya ce muku ba ni da hannu a ciki ya so ni ne kawai.

Da Madam Zali ta dawo na gaya mata. Na zaci za ta yi faɗa, sai ta ce ita ma da laifinta, da ta gina takardar a kan tazara a ƙasar da kusan kowane gari Gidan wane ne ko Garin wane. Ta zauna ta sauya bangon ɗakunan, ta sa waƙafi mai ruwa tsakanin ɗaki da ɗaki, ta kuma ƙara wa umarnin harafin t don a gaya wa na'ura sabon bangon:

sort -t ';' -n -k 3 garuruwa.txt

"Yanzu rubuta sunan garinku yadda kake so, Mushe. Ko tazara goma ka sa, ba ruwanta."

Minti biyar aikin ya ɗauke ta. Na daɗe ina jin zafin wannan minti biyar ɗin. Da na jira ta dawo, da na tambaya, da shi ke nan. Daga baya na gyara sunayen garuruwan duka, ɗaya bayan ɗaya, amma na garinmu na bar shi da sandarsa, hannuna ya ƙi zuwa wurin. Na kuma ɗauki wata al'ada da ban sake ta ba har na bar aiki: duk jerin da na'ura ta fitar, sai na karanta layin farko da na ƙarshe da ƙarfi, in tambayi kaina ko mutumin da ya san garin zai yarda.

Shekara shida Yaya bai yi mini magana ba bayan amsa sallama. Ban daina zuwa ba, zumunta a ƙafa take. Kowace salla, kowane suna, kowace jana'iza ina nan. In na gaishe shi ya ce lafiya, ya juya ga na kusa da shi. Ku kuna ƙanana, kuna wasa da 'ya'yansa, ba ku lura ba sai da kuka fara jin magana a bakin rijiya. Arɗo Buba kuwa duk shekara sai ya aiko da ƙwaryar man shanu gidan Yaya, don ya ji abin da ya faru. Yaya yana karɓa, su biyun ba su taɓa samun saɓani ba. Ni kaɗai ne a waje.

A shekara ta bakwai ciwon ƙafa ya kwantar da shi. Na je duba shi da safe, na same shi a inuwar itacen bedi a ƙofar gida, shi kaɗai. Na gaishe shi na zauna nesa kaɗan yadda na saba. Can sai ya turo mini sandarsa da ƙafa.

"Rubuta mani shi."

"Mi, Yaya?"

"Abin da ka yi. An ce rubutu ne. Ban taɓa ganinshi ba."

Na share ƙasa da tafin hannu. Na rubuta sunan garinmu sau biyu, a sama yadda na same shi da sandarsa a tsakiya, a ƙasa yadda na gyara. Yaya bai yi boko ba, allo kawai ya yi. Ya sunkuyo ya daɗe yana kallo. Na nuna masa wurin. Ya sa ɗan yatsansa a tsakanin kalmomin biyu, yatsan ya rufe tazarar duka har ya taɓa baƙaƙen.

"Wannan ɗan wurin?"

"Shi ne."

"Nan dami shida suka shige."

Hawaye ya zubo mini, ni da furfurata, ban kuma ji kunya ba. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce shi tun shekarar farko ya san ban sayar da su ba, kuma da na bar Fulanin nan ba iri alhali na sani, da ya fi jin kunyata. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne kasuwa.

"Na ce maka ka tabbata? Ka ce na'ura ba ta ƙarya. Ni ba na'ura na tambaya ba, Sani. Kai na tambaya."

Wannan ita ce maganar da nake so ku riƙe, ku da yanzu kowannenku da na'ura a aljihu. Na ce masa na ji, na roƙi gafara, ya ce Allah ya yafe mana duka. Ya sake duban ƙasa, ya tambaye ni wanne ne daidai a cikin biyun. Na nuna masa na ƙasa. Ya tambaya wanne ne a buro yanzu, na ce na sama, ban iya taɓa shi ba tun ranar. Sai ya karɓi sandar daga hannuna, ya goge na saman a hankali har ƙasa ta koma sumul.

"In ka koma ka gyara shi," in ji shi. "Mun riga mun biya."